Baffa, Alhajin Karnuka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu har ya kai ni ɗakin miji. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, an dawo an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Azare. Mutane sun zo daga Katagum, daga Jama'are, daga Disina. Sai kuma karnuka guda tara, da suka jeru a gindin dalbejiyar tsallaken hanya, kowanne ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallon zauren.

Ina cikin gida wajen mata na ji hayaniya, na leƙa. Wani ya ɗauki dutse zai kore su, Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙyale su, Malam. Su ma gaisuwa suka zo, kuma sun fi wasunmu sanin mamacin." Aka rasa mai iya riƙe dariya, aka rasa mai iya sakinta, sai gyaran murya kake ji ta ko'ina.

Wani tsohon mahauci ya durƙusa gaban Inna, matar Baffa, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Yau dai za mu feɗe akuya babu mai tsaya mana a ka." Yana faɗa ya fashe da kuka kamar yaro. Kawu kuwa, ƙanen Inna da ke kiwo a wata ruga kusa da Gololo, ya sauko daga acaɓa yana share ido da gefen rawani yana cewa, "Mutumin nan ya tafi bai yarda da maganata ko sau ɗaya ba. Ko sau ɗaya! Allah ya gafarta masa taurin kai."

Na rubuta wannan ne don na ga yaran unguwa sun san laƙabinsa, Alhajin Karnuka, amma ba su san inda ya samo shi ba. Ni na sani. Kuma ina da laifi a ciki, zan faɗa in an zo wurin.

Baffa malamin dabbobi ne. Ya fara aiki a Katagum, inda ya auri Inna, ya ƙare a Azare, ya yi ritaya daidai lokacin da wayar salula ta fara shigowa gari. Wai ritaya. Gwamnati ce ta sallame shi, shi bai sallami kowa ba. Yana da wani tsohon babur mai tari kamar shi, a bayansa ya ɗaure 'yar fartanya da igiyar roba. Duk gidan da aka yi suna ko walima, kafin a kira shi ya iso. Ba ya zama wajen manya. Bayan gida yake zarcewa wajen fiɗa, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya tsuguna kusa da mahauci yana leƙen kayan ciki. Da ya hango 'yar jakar ruwan nan da ke reto jikin kitsen hanji ko hanta, sai ya miƙa hannu.

"Kawo ta nan. A binne. A binne mai zurfi."

Wannan ita ce maganarsa. Ya faɗe ta a kan jakar ruwa, ya faɗe ta a kan rigimar maƙwabta, ya faɗe ta ranar da na kawo masa ƙarar maigidana. Na gama zayyano laifuffukan mutumin tun daga kan cefane, ya dube ni ya ce, "A binne, ɗiyata. Mai zurfi." Na koma gida ina huci.

Ita kuma Inna tumaki ne rayuwarta. Ranar da aka kawo ta amarya, mahaifiyarta ta haɗo ta da tunkiya uda guda ɗaya, gaba baƙi baya fari. Shekara arba'in jikokin tunkiyar nan suna gidan, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya. Raguna a yanka ko a sayar, amma mace ba ta fita. Mahaifiyar ta daɗe da rasuwa, ba ta bar hoto ba, ba ta bar ko ƙwarya ba. In Inna na kewarta, turke take zuwa ta zauna tana sosa wa uda wuya tana yi mata Fillanci. Baffa shi ya sa mata suna Mai Tumaki, kuma har ya koma ga Allah ban ji ya kira ta da wani suna ba.

Sai ciwon hajijiya ya shigo garken. Tunkiya za ta fara karkatar da kai, sai ta riƙa kewaya wuri ɗaya, tana karo da bango, ta daina ci, har ta faɗi. Ta farko ta tafi, ta biyu ta bi ta. Kawu ya zo daga Gololo ya ce iska ce, ya sa ƙarfe a wuta ya yi wa ta uku lalas a goshi. Ta ci gaba da kewayenta, sai dai yanzu tana ƙauri.

A nan al'adar Inna ta shigo. Mahaifiyarta ta koya mata cewa duk dabbar da aka yanka saboda wannan ciwo, ba a cin kanta. Za a ƙunshe kan, da duk wani baƙon abu da aka tarar a ciki, a jefa bayan katanga sadaka, don masifar ta bi shi ta fita. Bayan katangarmu kuwa fili ne, matattarar karnukan mafarauta da na makiyaya. A filin nan ake shanya harawa, ta nan kuma tumakin unguwa ke wucewa kiwo kowace safiya.

Ina gidan ranar da Baffa ya zaunar da ita. Da aka yanka ta ukun, ya fasa kan da kansa, ya ciro jakar ruwa daga ƙwaƙwalwar, da wasu fararen ɗigo-ɗigo a jikinta kamar tsakin gero.

"Mai Tumaki, dubi iskar taki. Wannan 'ya'yan tsila ne. Kare ya ci wannan, tsila ta girma a cikinsa. Ya yi kashi a kan ciyawa, tunkiya ta ci ciyawar, abin ya hau mata kai. Ke kuma ki yanka ki sake jefa wa karen. Da hannunki kike..."

Bai ƙarasa ba. Inna ta miƙe tsaye.

"Da hannuna nake me, Malam? Faɗi mana. Uwata ce ba ta san tumaki ba? Matar da aka haifa a tsakiyar garke? Kai da ka koyi tunkiya a takarda?"

Sai hawaye. Ni ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a gabansa ba sai ran nan. Baffa ya dubi jakar ruwan, ya dubi matarsa, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Bai sake ta da maganar da ita ba. Tunda Mai Tumaki ba ta gyaruwa, sai ya koma kan karnuka.

Jama'a, ku zo ku ga Alhaji guda, da furfurarsa da tabon sallarsa, ya sayi tsire mai zafi, ya tsuguna a bayan katanga yana cusa ƙwayar maganin tsila cikin kowace tsoka, yana kiran karnuka da baki. Ran farko sun gudu. Ran na biyu wani jan kare ya cinye naman ya tofar da ƙwayar a gabansa, ya tsaya yana kallonsa. Baffa ya ce masa, "Kai ma ɗan'uwan Mai Tumaki ne." Daga baya ya gano dabara: sai ya daka ƙwayar ya cakuɗa da ƙuli-ƙulin tsiren. Duk bayan 'yan makonni yana zagayawa, tun daga bayan gidanmu har mayanka, har rugagen hanyar Katagum. Karnuka suka haddace tarin babur ɗinsa. Yana shigowa layi sai ka ga ayari a bayansa, jela na kaɗawa.

Mai tsiren ne ya fara baza labari. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin mai sayen tsire yana tambaya ko kare zai so yaji ba. Kafin mako guda laƙabin ya kama.

Inna ta kafa doka. Ba ya wuce zaure sai ya wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ita kuma tana tsaye da buta tana ƙirgawa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

"Shida ne, Malam."

"Bakwai ne, Mai Tumaki."

"Na huɗun ba wanki ba ne, shafa ce. Ƙara."

A masallaci ma abin ya kai. Maigidana ya ba ni labari cewa an tayar da sallar azahar, sai ga gurbi a damar Baffa, ga gurbi a hagunsa. Liman ya waiwayo ya ce a haɗa sahu. Ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa. Sai Baffa ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya ce, "Jama'a, hannayen nan sun fi na kowa a nan wankuwa. Mai shakka ya je ya tambayi Hajiya." Aka haɗa sahu ana ƙunshe dariya. Bayan an idar Liman ya ja shi gefe, kowa ya zaci nasiha za a yi. Ashe akuyarsa ce ta fara karkatar da kai.

Ga laifina. Na je biki Jama'are, wata mata ta dube ni a tsakiyar taro ta ce, "Au, ke ce ɗiyar Alhajin Karnuka?" Aka kwashe da dariya. Ko gida ban biya ba, na zarce wajensa da mayafina na biki. Na ce masa ya zubar mana da mutunci. Na ce sa'o'insa suna zaune a majalisa da carbi, shi yana bin karnuka. Na ce abubuwa da yawa, ni da bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Yana zaune yana dakan ƙwaya a ɗan turminsa, bai ɗago ba sai da na gaji.

"Tumaki nawa suka rage wa Innarki?"

Na ce biyu.

Ya ce, "To," ya ci gaba da dakansa. Wallahi har yau in na tuna tsayuwata a kansa ran nan, kunya ce ke rufe ni. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace.

Biyun suka koma ɗaya. Uda guda ɗaya tak, ga ta da tsohon ciki. In ta tafi da cikin nan, tunkiyar mahaifiyar Inna ta ƙare a duniya. Wata safiya Inna ta kai mata dusa ta tarar kanta ya karkace hagu. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Kafin azahar Kawu ya iso da ƙarfensa, har ya hura wuta. Baffa bai yi musu da kowa ba. Ya kwance tunkiyar, ya ja ta har cikin turakarsa, ya turo ƙofa ya sa sakata. Kawu na waje yana dukan ƙyaure.

"Alhaji, fito da dabbar nan! Ta gidanmu ce!"

"Ta gidanku ce, amma a ɗakina ta sauka. Baƙuwata ce. Ka mayar da ƙarfenka ka gasa masara."

Da Kawu ya gaji ya tafi, Baffa ya kai ta wajen masu sayen hatsi a ɗora ta a sikeli, don shi ba ya ba da magani da ka. Suka ce sikelinsu na buhu ne. Ya sa ta a buhu, kai a waje. Maganin kuwa Kano ya aika aka sayo, wata ƙwaya mai suna firazikwantal, irin wadda yake ba karnuka, sai dai tunkiya tana bukatar mai yawa. Na tambaye shi ko za ta warke. Bai yi mini ƙarya ba.

"A cikin kare maganin nan yana gamawa da tsila sarai. Amma in jakar ta riga ta zauna a ƙwaƙwalwa, sai dai gwaji. Wani lokaci ya ci, wani lokaci ya ɗan ja kwana. Ni kwana nake nema, ɗiyata. Ta kai haihuwa kawai."

Kwana goma sha tara uda ta yi a turakar Baffa. Shi ya koma zaure da tabarmarsa. Da ta kasa cin abinci da kanta, ya riƙa ɗura mata kunun dusa da kwalba. Ya jera matasan kai a jikin bango don kada ta fasa kai in kewayen ya motsa. Da ta ɗan samu sauƙi kuwa, godiyar da ta yi masa ita ce ta cinye takardar yabon da aka ba shi ranar ritaya, ta haɗa da rabin kalanda. Ya tsaya yana kallon guntun da ya rage, ya ce, "Alhamdulillahi, cin abinci ya dawo."

Ran na ashirin da hantsi ta haihu. Mace, gaba baƙi baya fari. Inna ta rangaɗa guɗar da ba ta yi ba ranar aurena, na kuma gaya mata haka. Uwar ta shayar da ita kwana goma sha ɗaya, sannan ciwon ya dawo da ƙarfi, aka yanka ta kafin ta faɗi.

Ran nan ta bayan layi na biyo zan shiga gidan, bayan sallar la'asar. Sai na hango Baffa a gindin katanga, a tsaye da fartanya, ga rami ya riga ya haƙa, ga karnuka sun yi masa da'ira. Ya yi tarin nan nasa. Kafin in yi magana, sai ga ƙunshin baƙar leda ya taso daga cikin gida, ya tsallako katanga, ya sauka a kan hularsa tim. Hula ta yi gabas, jan karen nan ya yi tsalle, Baffa ya riga shi da daƙiƙa guda. Ya rungume ƙunshin a ƙirji yana haki, yana kai wa karen ƙafa. Ya jefa a rami, ya mayar da ƙasa, ya ɗora dutse, ya hau kai ya tattake. Sai a lokacin ya gan ni. Ya ɗora yatsa a leɓe.

"Kada Innarki ta ji. Sadakar uwarta ce, ki bar mata abarta."

Ashe tun bayan rigimarsu haka yake yi. Duk ranar da aka yi yanka a gidan, yana bayan katanga yana jira.

'Yar udar ta rayu da madarar kwalba, Baffa na ba ta yana mita wai ta fi jariri fitina. Ta girma ta haihu, 'yarta ta haihu. Hajijiya ta yi sauƙi a unguwar, har aka fara mantawa da ita. Inna ta ce sadakarta ce ta karɓu. Kawu ya ce tsoron ƙarfensa ne ya kori iskar. Baffa ya ce duka biyun suna da gaskiya, ya tayar da babur ya tafi wajen mai tsire.

Yanzu bari in koma ranar uku da rasuwarsa. Da mutane suka ɗan ragu da yamma, na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba. Raina ya ƙi kwanciya. Na ga bai kamata mutumin nan ya tafi da laƙabi a ka, matarsa ba ta san abin da ya yi mata ba. Na karya alkawari, na ba ta labarin katanga, da ramin, da hular.

Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta harare ni.

"Ke yanzu labari kika kawo mini? Shekara nawa ina jin tarin mutumin nan? Ko a kasuwar Azare ya yi shi zan ware shi. Me kike tsammani nake jira da ƙunshi a hannu tun azahar? Sai na ji ya yi tari nake jefawa."

Na saki baki. Na ce, "Inna, to hular fa?"

"Da gangan ne. Ya ce uwata ba ta san tumaki ba."

Muka kama dariya, ni da ita, har na riƙe ciki. Ban san inda dariyar ta juye ba, sai na ga tana kuka, ni ma ina yi. Ta ce, "Tun ranar da ya nuna mini abin nan mai kama da tsaki na san gaskiyarsa. Amma in na daina jefawa, kamar na ce da Nene, uwata, ta yi kuskure ne, ita kuma ba ta nan balle ta kare kanta. Sai nake jefa wa uwata, shi yana binne mini. Bai taɓa sa ni na zaɓa ba."

Ranar bakwai aka yanka rago don sadaka. Tsohon mahaucin nan ne ya feɗe, ya kuwa tarar da 'yar jakar ruwa guda a jikin kitse. Ya riƙe ta a tafin hannu yana waige-waige, ya rasa wanda zai miƙa wa. Inna ta aika a kawo mata. Ta ƙunshe ta a leda, ta miƙe ta nufi katangar baya, mu duka muna kallonta. Ta tsaya, ta karkata kunne. Ana jin karnuka suna zirga-zirga a waje. Ta daɗe a tsaye a wurin.

Sai ta juyo ta ce da ni, "Kwanto mini fartanyar Malam daga babur."

Na kawo. Kawu ya miƙo hannu zai karɓa, ta ture shi. A gefen turken udarta ta durƙusa ta fara haƙa da kanta, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Da ramin ya kai tsawon tafin hannu na ce, "Inna, ya isa haka."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Mai zurfi ya ce."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na gaya masa da mayafin biki a kaina. Ya sa kabarinsa ya yalwata. Gwangwanin ƙwayoyin yana hannun maigidana yanzu. Ranar Asabar zai fara zuwa wajen mai tsire, Inna kuma ta ce in gaya masa butarta na nan a zaure.